Gasar kyan karnuka da siffar da ta wuce ƙima: amsoshin tambayoyin masu kiwo a Tawa da Yamai

Tun da samari suka fara shigo da karnukan Turai, wasu don gadin gida, wasu don sha'awa kawai, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawowa a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Tawa, kuma ƴan'uwa na Yamai ma su suke turo mini. Ni jikan mafarauci ne daga wajen Abalak, cikin karnuka na tashi, na kuma daɗe ina bin labarin gasar Turawa. Ga tambayoyin, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi.

Mece ce gasar kyan karnuka, kuma ina ta samo asali?

Ba tsere ba ce, ba kuma faɗan karnuka ba. Taro ne da ake kawo karnuka masu takardar asali, alƙali ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ware wanda ya fi dacewa da siffar da aka rubuta wa irinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon gasar raguna da bijimai a bajekolin noma da kiwo na Yamai ya riga ya ga samfurin abin.

A Ingila aka fara, a garin Newcastle cikin 1859, kuma karnukan farauta ne zalla aka kawo ranar. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club mai riƙe da rajistar asali. Babbar gasarsu, Crufts, ta soma a 1891, sunan kuwa na wani ɗan kasuwa ne, Charles Cruft, wanda sana'arsa ta farko tallar biskit ɗin karnuka ce. Yanzu a Birmingham ake yin ta duk watan Maris, da karnuka wajen dubu 20. Faransa da ƙasashe da yawa na duniya kuma suna ƙarƙashin wata uwar ƙungiya, FCI, da aka kafa a 1911, ofishinta na garin Thuin a Beljiyam. Ita ta kasa karnuka rukuni 10, na goman shi ne na masu farauta da ido da gudu, inda namu na Azawak yake.

Me alƙali yake dubawa in an kawo masa kare?

Kowane iri yana da takardarsa da ta zayyana yadda ya kamata ya kasance: tsayi, nauyi, siffar kai, zaman kunne, launi, wutsiya, tafiya, har da hali. Mu ce mata ƙa'idar iri. Alƙali zai fara hangen karen a tsaye daga gefe, sannan ya matso ya sa hannu. Ya buɗe baki ya ga yadda haƙora suka haɗu, ya shafa kafaɗa da haƙarƙari da gadon baya, in namiji ne ya tabbatar maraina biyu sun sauko. Sai ya ce mai karen ya ja shi da sassarfa, ya tafi ya dawo, ya kewaya fili. Duka-duka minti biyu zuwa uku ke nan.

A ƙa'ida ba kare da kare ake gwadawa ba, kowanne da takardar irinsa ake auna shi. A gasar ƙasashen FCI har daraja ake ba kowane kare, daga mafifici zuwa mai kyau ƙwarai zuwa mai kyau, a kan kuma rubuta masa ɗan sharhi. Wanda ya zo na ɗaya a irinsa ya wuce gasar rukuni, zakarun rukuni kuma su kara a fitar da gwarzon taro.

To in akwai rubutacciyar ƙa'ida, ta yaya siffa take wuce ƙima?

Nan ne gizo yake saƙar. Takarda ta ce wannan iri gajeren hanci gare shi. Ba ta ce gajere kamar me ba. Aka jera karnuka biyar gaban alƙali, duka masu gajeren hanci, idonsa ya faɗa kan wanda ya fi sauran, ya ba shi kambi. Washegari kowa wannan karen yake nema ya yi wa karyarsa barbara. Bayan shekara biyu ƴaƴansa ne suka cika fili, hancin da jiya ya zama abin mamaki yau shi ne na kowa, mai son ya yi fice kuwa sai ya kawo wanda ya fi shi gajarta. Kare yana iya haihuwa tun bai cika shekara biyu ba, saboda haka cikin rayuwar mai kiwo guda ana iya juya iri sau goma sha. Ba wanda ya zauna ya ce bari mu ƙera karen da ba ya iya numfashi. Kaɗan-kaɗan aka yi, kowa yana ganin bai ƙara komai ba.

Mu ma ba baƙin wannan hali ba ne. Je ka kasuwar Badagishiri gab da layya ka ga inda ido yake zuwa: rago mai dogon kunne, mai ƙaton kai, mai tsawon da har sai an ɗaga kai. Bambancin kawai, ragonmu dole ya taka da ƙafarsa zuwa kiwo da mashaya, daji yana tace wanda bai iya ba. Karen gasa ba abin da ke tace shi sai idon alƙali. In idon ya karkace, irin gaba ɗaya ya bi shi.

Sai kuma a haɗa da barbara tsakanin ƴan gida ɗaya don a kafe siffar. Namiji guda da ya yi suna yana iya zama uban ɗaruruwa, duk cutar da ke ɓoye a jininsa kuwa ta bazu tare da kyansa.

Waɗanne siffofi ne aka fi kuka da su?

Na farko shi ne mitsitsin hanci da shafaffiyar fuska, irin ta buldog na Ingila, buldog na Faransa, pekinuwa da karlan. Wannan yana da tasa amsar a ƙasa, a tambayar minshari. Sai fata mai yawan ninki, kamar ta sharpe da mastif na Napoli: danshi yana taruwa a cikin ninkin, wurin ya ruɓe ya yi wari, fatar ido kuma ta naɗe ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido har ya yi gyambo. A wasu irin kuma fatar idon zazzagowa take yi, jan naman ya fito fili yana shan ƙura.

Akwai doguwar gadon baya a kan guntayen ƙafafu, irin na karnukan da ake kira tekel da base, wadda takan kai ga ciwon ƙashin baya har shanyewar ƙafafun baya. Akwai kunnen da ke jan ƙasa. Akwai ƙaton kai da matsattsen ƙugu, abin da ya sa fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwar buldog na Ingila sai an yi wa uwar aiki an ciro ƴaƴan. Sai wanda ya fi shafarmu, don shi ne ya cika gidajen Yamai: berje, karen Jamus. A cikin waɗanda ake kiwo don gasa an yi ta zaɓen mai gangararren baya da ƙafafun baya masu lanƙwasa sosai, har wasu suna tafiya kamar za su durƙusa, gwiwoyin baya suna kaɗawa suna gogar juna.

Karena yana minshari ko idonsa biyu. Mai sayarwa ya ce haka irinsu suke. Gaskiya ne?

Gaskiya ne da yawansu haka suke, amma yawan masu ciwo ba ya mai da ciwo lafiya. An gajarta ƙashin fuska, naman da ke ciki kuwa bai ragu daidai da shi ba. Ƙofofin hanci sun tsuke kamar an yanka da reza, naman ganɗa na can ciki ya yi tsawo ya rufe hanyar iska, harshe ya fi ƙarfin baki. Ƙarar da kake ji, iska ce take kokawar wucewa. Wasu har a zaune suke barci, ko su ciji wani abu su kwana da baki buɗe, don in sun kwanta sosai numfashi yankewa yake.

Abin ya fi muni a ƙasarmu saboda kare ba ya zufa kamar mutum. Da haki yake sanyaya jiki, iska ta bi ta dogon hanci da harshe ta kwashe zafi. Ka cire masa hancin, ka cire masa fanka ke nan. Wani Afrilu na sauka gidan ƙanen mahaifiyata a Yamai, ɗansa ya sayo buldog na Faransa da kuɗin da zai sayi ƙaramar saniya. Wajen ƙarfe biyu na rana aka ɗauke wuta. Kafin la'asar karen ya lallaɓa gindin randa ya baje cikinsa a kan jiƙaƙƙen yashi, ya miƙe wuya, harshe ya koma shuɗi-shuɗi, kumfa tana zuba, ƙararsa kamar ana zuƙar ƙarshen fura da tsinke. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai, wannan abin naka ko aljanu gare shi?" Muka yi ta kwara masa ruwa muna fifita da faifai. Ya tashi, amma da ƙyar. A ranar kuma wani karen unguwa ja, wanda ba wanda ya san ubansa, yana kwance ƙarƙashin mota a ƙofar gida yana barcinsa.

Yaushe masu gasar suka farga?

Likitocin dabbobi sun daɗe suna magana, amma abin da ya tayar da ƙura shi ne wani shirin bincike da BBC ta nuna a watan Agustan 2008. An nuna ƙananan karnukan nan da ake kira kabaliye suna kururuwar ciwo saboda ƙoƙon kai ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, an nuna berje masu tangaɗi suna cin gasa. Jama'a suka fusata, BBC ta daina nuna Crufts daga 2009, wasu masu ɗaukar nauyi suka janye. A farkon 2009 Kennel Club ta sake rubuta ƙa'idojin iri, ta cire kalmomin da ke ingiza wuce gona da iri, ta kuma daina yi wa kwiyakwiyai rajista in uba ne ya haifa da ƴarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa.

Yanzu ta wace hanya ake sa ido?

A Ingila akwai tsarin da suke kira Breed Watch, wato sa ido kan iri. An kasa karnuka mataki uku: waɗanda ba a ga abin damuwa a siffarsu ba, waɗanda aka lissafa musu wasu abubuwan lura, da waɗanda matsalarsu ta fi tsanani. Kafin alƙali ya shiga fili zai karanta abin da aka lissafa wa irin da zai duba, ya rage wa duk karen da ya nuna alamar daraja, bayan gasa kuma ya cika takarda ya faɗi abin da ya gani. Da waɗannan takardu ake gane ko iri yana gyaruwa ko yana ƙara lalacewa. Suwidin da maƙwabtanta na arewacin Turai su ma suna da irin wannan littafin gargaɗi na alƙalai.

A 2012 aka ƙara mataki mai zafi. Iri 15 aka ware, aka ce duk wanda ya zo na ɗaya a cikinsu sai likitan dabbobi ya duba shi kafin a tabbatar masa da kambi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a Crufts ta shekarar zakaru shida suka faɗi, ciki har da buldog, pekinuwa, base da mastif na Napoli. Masu kiwo suka yi ta kumfar baki. Amma kada a ɗauka an gama, don a 2016 wata karya berje mai gangararren baya ta zo ta ɗaya a irinta a wannan gasar, hoton tafiyarta ya karaɗe duniya, aka sake sabon surutu.

Na ƙarshe shi ne gwajin numfashi da jami'ar Kambirij ta tsara tare da Kennel Club, aka fara aiki da shi a 2019 don karlan da buldog biyun nan. Likita zai saurari maƙogwaro da abin sauraren ƙirji, a sa karen sassarfa ta minti uku, a sake saurare, a ba shi maki daga 0 zuwa 3. Mai 3 ba a son a haɗa shi barbara, kuma daga 2025 ba ya shiga Crufts. A ganina wannan ya fi duk sauran amfani, don ya bar kallon hoto ya koma tambayar ko jikin yana aiki.

Ashe alƙali ba zai iya gano ciwo da kansa ba?

Abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji kawai: ɗingishi, haki, jan ido, gyambon fata, ƙiba. Ba likita ba ne, ba a ma yarda ya ce kare yana da cuta kaza ba, sai dai ya ce ya ga alama. Ciwon zuciya, farfaɗiya da gocewar ƙashin kwatangwalo ba sa fitowa a minti uku. Akasarin alƙalai kuma masu kiwon irin ne, sun shekara talatin suna kallon wannan fuska har ta zame musu daidai. Shi ya sa kambi ba shaidar lafiya ba ne, kamar yadda za a gani a tambayar takarda.

Gwamnatoci sun sa baki?

Wasu sun sa. Holan tun 2019 take aiki da ma'auni: karen da tsawon bakinsa da hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon ƙoƙon kansa ba, an hana a haɗa shi barbara. Jamus daga 2022 ta hana nuna karnukan da siffarsu ke jawo musu wahala a wajen gasa. A Norwe har kotun ƙoli aka je, a 2023 ta tabbatar da haramcin haɗa kabaliye barbara, ta bar buldog bisa sharaɗin bin tsarin gwajin lafiya.

Ina karenmu na Azawak ya kwana a wannan harka?

Sunan ma na ƙasarmu ne, kwarin Azawak da ya ratsa arewacin jihar Tawa, wajen Abalak, Cintabaradan da Tasara, ya shiga Mali. Sunan da shanun Azawak suka ɗauka shi karen ya ɗauka. Buzaye suna ce masa oska. Aikinsa gadin zango da dabbobi, da koran zomo da barewa, irin aikin da malamanmu suka ce an yarda a ajiye kare dominsa.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, Yugoslabiya da Faransa. FCI ta karɓe shi a farkon shekarun 1980, ƙa'idarsa ita ce mai lamba 307, kuma Faransa ce aka damƙa wa riƙon ta. A lura da wannan: kare namu, alƙalami nasu. Ƙa'idar ta ce namiji santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, kilo 20 zuwa 25, mace 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20, tsayinsa ya ɗan fi tsawon jikinsa, ƙashi da tsoka suna bayyana ƙarƙashin siririyar fata. Babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019.

Shi ma ana iya ɓata shi ke nan?

Ƙwarai, ta hanya uku. Ta farko rama. Karen Azawak siriri ne tun asali, ƙa'idar Amurka ma ta ce a ga haƙarƙari uku zuwa biyar. Amma in alƙalai suka riƙa fifita wanda ya fi tsawon ƙafa, ya fi siririn kai, ya fi tsukakken ciki, hanyar da na bayyana a tambaya ta uku za a bi, a wayi gari da kare mai kyan hoto wanda ba zai kai zomo ƙasa ba. Ta biyu launi. Ƙa'idar FCI ta tsaya kan ja da ruwan yashi, da zane ko babu, da fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya, alhali duk wanda ya zaga rugage da zangon arewa ya ga launuka fiye da haka. Duk karen da aka fitar saboda launi, an zubar da jininsa ne a banza. Ta uku, daga karnuka ƙalilan aka fara kiwonsa a Turai, jinin ya yi kusa da juna, shi ya sa wasu masu kiwon suke dawowa Sahel neman sabo.

Kakana bai taɓa auna kare da santimita ba. In an kawo masa kwikwiyo ya tasa, sai ya ɗaga ƙafarsa ya murza tafin da babban yatsa ya ji kaurinsa, ya buɗe baki, sannan ya ce a sake shi da hantsi a bayan gari. Shi ba gudun yake kallo ba, dawowar yake jira: wanda ya dawo ya sha ruwa ya miƙe, da wanda ya zube yana haki har azahar.

Mai sayarwa ya nuna mini takarda. Ba shi ke nan ba?

Wace takarda? Mafi yawan abin da ake nunawa a nan littafin allurar rigakafi ne, wanda muke ce wa karne. Yana da amfani, musamman allurar haukan kare, amma ba ya faɗin asali. Takardar asali ta gaske ƙungiyar rajista ce take bayarwa, irin ta littafin asali na Faransa da ake kira LOF, tana ɗauke da sunayen iyaye da kakanni da lambar ɗan ƙarfen da aka dasa wa karen ƙarƙashin fata. Ita ma abin da take shaida shi ne wane ya haifi wane. In ka ga suna ɗaya ya fito ta wajen uwa da ta wajen uba, ka yi hattara. Shaidar lafiya daban take: hoton kwatangwalo da gwiwar gaba na iyaye ga berje da sauran manyan karnuka, makin numfashi ga masu shafaffiyar fuska.

Zan sayi ɗan kwikwiyo. Me zan duba?

Ka dubi uwar kafin ɗan, in da hali har uban, don kwikwiyo duk kyau gare shi. Ka ce a zagaya da ita da sassarfa na ƴan mintoci, ka tsaya shiru ka saurara. Lafiyayyen kare yana haki, amma ba ya gurnani ko shaƙewa, kuma yana hucewa da wuri. Ka leƙa ƙofofin hanci, a buɗe suke ko tsaga ce kawai. Ka buɗa ninkin fata ka sansana. Ido ya zama garau, ba hawaye ba kwantsa. In berje ne, ka tsaya bayanta tana tafiya ka ga ko ƙafafun suna tafiya sak ko suna harɗewa. Ka tambaya da kanta ta haihu ko aiki aka yi mata. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai sati takwas ba.

Ra'ayina kuwa, in gadi kake so a Tawa ko Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, karen gida ko na Azawak ya fi maka kowane mai shafaffiyar fuska, ya fi maka mai tulin gashin da aka yi don ƙanƙara.

Na riga na saya, mai gajeren hanci ne. Yaya zan yi da shi?

Kada ka bar shi ya yi ƙiba, don kitse yana ƙara matse hanyar iska. Yawo sai da asuba ko bayan isha'i. Ka cire abin wuya ka sa masa ɗamarar ƙirji. Ruwa da inuwa kullum, kada a ɗaure shi a rana, kada a bar shi cikin mota ko na minti biyar. Ka riƙa share ninkin fuska kana busar da shi. In numfashin ya yi tsanani akwai aikin da likitan dabbobi yake yi na buɗa hanci da rage naman ganɗa. Wanda aka yi wa wannan aiki kada a yi kiwo da shi, don ƴaƴansa hancin haihuwa za su gada, ba na likita ba.

In ka ga harshe ya canza launi, yana tangaɗi ko amai, zafi ne ya buge shi. Kada ka tsaya neman mota tukuna. Kai shi inuwa, kwara masa ruwan randa a jiki duka, musamman ciki da cinyoyi, a yi ta fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane don yana riƙe zafi. In yana iya sha, ba shi kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa. Sannan a wuce da shi wajen likita ko da ya miƙe, domin illar da zafi ke yi wa ƙoda takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ta fito.